Ƙoƙon Kan da Muka Wanke da Giya

Ranar da aka ciro muƙamuƙin ina bakin kogo, a kan rariya.

Shekara ta uku ke nan Kira Evantiya, wato Uwargida Evantiya, tana zuwa daga Atina, babban birnin ƙasarmu, da mutanenta tonon Kogon Hayaƙi. Ita ce shugabar aikin. Siririyar mace, ba ta kai arba'in ba, ta yi karatun tsofaffin ƙasusuwa har ƙasar waje. Ta ɗauke ni ne don babu wanda ya fi ni sanin kogon. Ubana ya kwanar da awaki a cikinsa, ni ma na kwanar. Aji biyu na yi a makaranta, amma ƙasar wurin nan na san launinta, na san warinta.

Sun ja zare sun raba ƙasan kogon gida-gida. Abin da zan kwashe da shebur kafin hantsi, su sai su yi wata guda suna karce shi da ɗan cokalin gini. Kowane bokiti ya fito, ni da Potis ɗan baffana mu tankaɗe, mu wanke da ruwan teku, mu tsince abin da ya rage: ɓawon kunkuru, ƙashin barewa, tsinin dutse.

"Ligoris, dubi abin da ilimi yake jawowa," in ji Potis. "Mace da takardu cike da akwati, ta ɓige da shara da burushin haƙori."

"Ina ka san burushin haƙori? Ka taɓa sa shi a baki?"

"Haƙori huɗu gare ni. Da yatsa nake gaishe su."

Ba mu rufe baki ba muka ji kogon ya yi tsit. Sai muryarta daga ciki, a hankali: "Barba Ligoris, Barba Potis, ku shigo. Ku taka kan katako." Barba shi ne baffa, haka ake kiran dattijo a wajenmu.

Tana durƙushe a can ƙurya, gindin wani dutse mai kama da bayan jaki. Da na ga inda take, na tsaya daga baya. Na san wurin.

Ƙashin yana kwance cikin toka, rabinsa a waje. Muƙamuƙin ƙasa ne, na mutum, mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, haƙoran sun cinye har sun kusa dadashi.

"Barba Potis, taɓa haɓarka," ta ce.

Ya taɓa.

"To dubi wannan. Ba shi da ita. Gaban ya zame baya kawai. Wannan ba irinmu ba ne, ko da yake mutum ne. Niyandatal ake kiransu. Shekara dubu hamsin, ko fiye. Su suka hura wutar da ta bar tokar nan."

"Yaya kamanninsu?"

"Gajeru, ƙarfafa. Goshi a kwance, ƙashin gira ya turo kamar bakin rufi, ga ƙaton hanci."

"Ai surukina kike kwatantawa," in ji Potis. "Shi ne sak. Yana nan da rai, yana sayar da kifi a garin Githiyo."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta nuna wani wuri dab da ƙashin inda ƙasar ta cakuɗe, baƙa da ja da toka duk a haɗe.

"Kan a nan ya kamata ya kasance. Wani jaki ya yi rami a nan shekarun baya, har iya ƙirji. Masu ɗibar taki. Ya fasa shi da fartanya ya watsa a gindin zaitun, bai ma sani ba."

Jakin ni ne. Kuma ban fasa shi ba.

Yayana Stratis ya girme ni da shekara tara. Lokacin yaƙin basasa ya hau dutse ya bi masu yaƙar mutanen sarki. Cikin hunturun 1948 ya sauko gida, ya ci abinci a tsaye, ya fita. Wata mata ta gan shi ya bi hanyar teku, wajen kogo. Da la'asar aka ji harbi uku. Shekararsa goma sha tara. Ba mu ga gawa ba.

Wanda ba a ga gawarsa ba, ba a yi masa waƙar makoki. Innata Stamata ita ce mai waƙar makokin ƙauyenmu. Ta raka 'ya'yan kowa da muryarta, nata ɗan kuwa ba ta da ikon buɗe baki a kansa. Shekara goma sha uku tana haka. Ta bi kwazazzabai, ta leƙa rijiyoyi. Idan teku ya turo wani abu gaɓa, ita ce ta farko a wurin. Ta bushe kamar itacen wuta.

A kakar 1961 na shiga kogon ɗibar taki. Na saman an riga an kwashe, sai na yi ta nitsawa. Na wuce kashin awaki, na wuce jar ƙasa, na shiga toka. Fartanya ta bugi abu. Na tona da hannu. Ƙoƙon kai ne, ba muƙamuƙi. Na tuɓe rigata na naɗe shi na hau gida.

Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Na ajiye a gabanta na buɗe. Ba ta yi ihu ba. Ta goge hannunta a zane, ta ɗora shi kan cinya, ta bi shi da babban yatsa. Stratis mai tudun gira ne, yara har tsokanarsa suke yi, wai ruwan sama ba ya taɓa masa ido. Ta bi girar. A saman idon hagu yatsanta ya faɗa wani ɗan loko. A nan alfadari ya harbe shi yana ɗan shekara shida.

"Ka daɗe, ɗana," ta ce.

Muka yi masa abin da muke yi wa namu idan an tono ƙasusuwansu daga kabari bayan 'yan shekaru, kamar yadda al'adarmu take. Ta wanke shi da jar giya sau uku, ta shafe shi da man zaitun, ta naɗe shi a farin ƙyalle. Mata suka taru. Ta yi waƙar da ta riƙe shekara goma sha uku, tun hantsi har rana ta karkata, kuma har yau akwai tsofaffin da ke tuna baitocinta. Aka sa shi a akwati, aka rubuta sunansa, aka kai ɗakin ƙasusuwa bayan coci. Daga ranar ta fara cin abinci. Ta ƙara shekara ashirin a duniya. Kafin ta mutu ta sa na rantse cewa idan an tono ta, a akwatin ɗanta zan sa ta. Na cika.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Kan nan ya yi nauyi kamar dutse tun ina hawa da shi. Haƙoran sama sun cinye kamar na tsohon jaki, alhali Stratis da haƙori yake fasa ƙwallon almon. Kuma wanda ya harbe maƙiyinsa ba ya tsayawa ya haƙa masa rami iya ƙirji, ya jera toka a kansa sala-sala. Na ga duk wannan. Na ga fuskar Inna kuma. Na yi shiru shekara talatin da bakwai.

Bayan an ciro muƙamuƙin na ci gaba da zuwa aiki. Saura kwana goma su rufe ramin su koma Atina. Na ce a raina kwana goma ba komai ba ne.

Amma kogon ya canza mini. Da tsakar rana kowa yakan fita bakin teku cin burodi da cuku, ni in zauna ciki gadin kaya. Na saba da wannan. Yanzu da sun fita sai in ji ba ni kaɗai ba ne. Ba motsi, ba murya. Kamar dai idan mutum ya zo ƙofarka ya tsaya, yana jin kunyar yin sallama. Ta gefen dutsen nan mai bayan jaki nake jin abin. Murhunan tsofaffin mutanen nan da Kira Evantiya ta tono suna nan a jere, da'irar toka guda huɗu, ɗaya da ƙonannen ƙashi a tsakiya kamar jiya aka tashi daga ci. Wata rana na ɗauki wani tsinin dutse daga tire. Ya zauna a tafina daram, akwai wurin babban yatsa. Wanda ya sassaƙa shi ya san hannu. Na ajiye na goge tafina a wando, ban san dalili ba.

A wajenmu mamacin da ƙashinsa ya rabu ba ya kwanciya. Ni na raba wannan. Rabin fuskarsa a cikin auduga a tantin Kira Evantiya, rabi a kan haƙarƙarin innata.

Ranar Laraba da la'asar na karɓi makulli na shiga ɗakin ƙasusuwa. Akwatuna a jere har rufi, ƙauyenmu na gaske ke nan, mun fi yawa a can. Na sauko da namu na buɗe. Ƙasusuwan Inna ƙanana ne, rawaya, ba nauyi, kamar na tsuntsu. Na warware farin ƙyallen. Tun ranar da na hau da shi gida ban taɓa duban sa da idon da ya ji bayani ba. Goshin a kwance. Ƙeyar ta miƙe baya. Ramukan idon manya, zagayayyu, ba irin na gidanmu ba, ba irin na kowane gida ba. Na daɗe ina kallonsa. Ban ga mugunta a fuskar ba. Haƙuri na gani, irin na baƙon da aka zaunar a kujerar wani aka yi ta kiransa da sunan da ba nasa ba.

Da na fito Fada Sarantos, limamin cocinmu, yana gyara fitilar bakin ƙofa. Yaro ne a kaina, na san ubansa, amma rawaninsa na girmamawa.

"Barba Ligoris, ka je gaida mutanen gida?"

"Fada, addu'a tana ɓatan hanya?"

"Ba gidan waya ba ne. Me ya faru?"

Na gaya masa a tsaye, cikin magana kaɗan. Ya ajiye kwalbar mai ya zauna kan dakali.

"Ka tabbata?"

"Tun ranar farko."

"To. Mutanen ƙauyen nan za su samu abin taunawa har bikin Ista."

"Su tauna. Ba su ne damuwata ba. Na yi wa innata rantsuwa."

"Me ka rantse?"

"Zan kwantar da ita tare da ɗanta."

Ya dube ni. "Ka kwantar da ita tare da ɗanta?"

Na miƙa masa makulli na tafi.

Washegari Kira Evantiya ta same ni a rariya. Ta rame a kwanakin nan, idonta ya faɗa.

"Barba, kai ka san kowa. Wa yake ɗibar taki a nan da? Ko gonarsa ka nuna mini. Zan tankaɗe gindin kowane zaitun, ko ɓallin haƙori ɗaya ne in samu."

"Za ki tankaɗe duwatsun yankinmu na Mani duka?"

"In ya kama."

Na dubi hannuwanta, duk sun tsage. Ba na son mutanen birni, amma na san mai aiki idan na gan shi.

"Idan an tashi, ki ɗauko ƙashin ki biyo ni. Ke kaɗai. Ki sa siket, coci za mu."

Ba ta tambaye ni komai ba a hanya, na kuwa yaba mata. Fada ya buɗe mana ya tsaya a waje. Na sauko da akwatin. Ta karanta sunayen da ke jiki, biyu, ta dube ni. Na warware ƙyallen na ɗora kan a bisa teburin dutse.

Ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Sannan ta buɗe audugarta, ta ɗauko muƙamuƙin da hannu biyu, ta kai shi ƙarƙashi a hankali. Ya shiga da ɗan sauti, ƙas, kamar an rufe murfin tukunya. Haƙora suka hau haƙora, kowane loko da tudunsa. Fuskar ta cika. Tsohon mutum ne.

"Wane ne Stratis?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yayana."

"Stamata fa?"

"Wadda ta haife mu."

Ta zauna kan wani akwati, ta tuna abin da ke ciki, ta miƙe da sauri. Na gaya mata sauran. Ta saurara har ƙarshe.

"Da me kuka wanke shi?"

"Giya. Mai kyau, ba ta sayarwa ba."

Ta so ta yi dariya, abin bai fito ba. Ta kai yatsa lokon nan na saman ido.

"Wannan ya warke, Barba. Dubi bakinsa, ya yi sumul. Duka ne mai tsanani, ya kwantar da shi makonni. Wani ya ba shi ruwa, wani ya tauna masa nama. Ya rayu shekaru bayan haka. Ya kai arba'in, a wajensu tsoho ne tukuf."

"Yana da mutane ke nan."

"Yana da su. Kuma ina jin su suka kwantar da shi gindin dutsen nan suka rufe."

Ashe kabari na tona.

Sannan ta ce, "A doka wannan na hukuma ne. Amma ni ba zan cire shi daga akwatin mahaifiyarka da hannuna ba. Idan ka ce ban ga komai ba, ban san yadda zan yi ba, amma ba zan turo 'yan sanda ba."

"Ba a ƙwace mini abu, 'yata. Ni nake bayarwa. Da sharaɗi. Ba zai fita a leda ba. Ba za a sake raba shi da bakinsa ba. Da rana zai fita, ta ƙofa, ni zan ɗauke shi har mota."

"Na yarda."

Ranar Asabar aka yi. Fada ya ce ba shi da karatun wanda ya riga baftisma da shekara dubu hamsin, amma ya samo wani na baƙi da matafiya ya karanta. Ƙauye duka ya fito. Potis ya matso kusa da ni, bakinsa ya fara motsi. Na dube shi. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. A bayana kam an yi dariya, na ji, kuma an daɗe ana yi. Da ƙyallen Inna na miƙa shi. Motar ta hau tudu ta ɓace.

Na mayar da akwatin wurinsa. Ya yi sauƙi a hannu ƙwarai. Na kankare suna ɗaya da wuƙa.

Da safe na hau ƙauyen sama wurin Kiriyakulis. Shi ne ya rage cikin 'yan bindigar sarki da suka yi farautar yayana. Shekara hamsin idan muka haɗu a kasuwa sai in juya masa ƙeya. Na same shi zaune a rana, bargo a gwiwa, ido ɗaya ya mutu.

"Ɗan Stamata," ya ce. "Kashe ni ka zo yi? Ka makara, likita ya riga ka."

"Ina kuka jefa shi?"

"Na ji labarin birinka."

"Ba biri ba ne. Ina kuka jefa Stratis?"

Ya daɗe yana murza bargon.

"Ba mu same shi ba."

"An ji harbi uku."

"Ni na yi su. Daga saman dutse, shi yana ƙasa. Akwai kwalekwale a ɓoye bayan kogon, da mutum a ciki. Na ga ya faɗa ciki. Ko harsashi ne ya kayar da shi, ko tsalle ya yi, ban sani ba. Suka zagaya tsinin gaɓa suka tafi. Teku ba kyau ranar."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da farko, mun ce wa shugabanmu mun kashe shi, don kada ya ci mutuncinmu. Daga baya kai ka fito da kai a riga, uwarka ta yi waƙa har mu nan sama muna ji. In sauko in ce me? Na zaci ko teku ya dawo da shi wani ya binne. Na so in yarda, ni ma."

Da yawa daga cikin waɗanda suka hau dutse sun ƙetare iyaka bayan yaƙi, suka zauna a ƙasashen arewa. Shekara talatin da wani abu bayan haka aka ba su izinin dawowa. An yi ta karanta sunaye a rediyo, an liƙa takardu a Githiyo, iyalai suna zuwa dubawa. Ni ban je ba. Me zan duba? Nawa yana cikin akwati. Idan ma ya taɓa aiko wani ya tambayi labarinmu, abin da za a gaya masa shi ne an yi makokinsa an gama.

Kira Evantiya ta sa an bincika mini a Atina. Stratis da sunan gidanmu ba ya cikin kowace takarda. Ta ce da yawa sun canza suna. Ta aiko mini da hoton tsohon kuma, a cikin gilashi, bakinsa a haɗe. Yana aljihun tebur.

A bakin ƙofar cocinmu akwai takardu kashi biyu da fensir a ɗaure da zare. Ɗaya ta masu rai, a roƙa musu lafiya. Ɗaya mai gicciye a sama, ta matattu, a roƙa musu hutu. Kowa ya rubuta nasa ya miƙa, Fada ya karanta a gaban bagadi. Ranar Lahadin da ta biyo na tsaya a wurin da fensir a hannu har layi ya taru a bayana. Rubutu yana mini wuya, amma ba shi ya tsayar da ni ba.

Na rubuta Stratis a ta matattu. Na ɗauki ɗayar na rubuta shi a ta masu rai. Na miƙa duka biyun.

Fada ya karanta shi sau biyu, bai ɗago kai ba. Haka muke yi kowace Lahadi, shekara goma sha ɗaya ke nan. In yana raye, bana ya cika tamanin.